Marubuci ya karanta labarinsa da bakinsa, ko a ba wani ya karanta masa?

Mai_Tawada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan. Na je wani zaman karatun gajerun labarai, marubuta shida aka jera. A cikinsu akwai wata baiwar Allah da na karanta labarinta a rubuce wata uku da suka wuce, har sai da na ajiye wayar na share hawaye. Don ita kaɗai na je. To da ta hau ta fara, sai na kasa gane labarin. Kai a sunkuye, takarda ta tare baki, tana zubo kalmomi kamar ana korar ta. Wurin da uwar ta gane cewa wasiƙar ba daga ɗanta ta fito ba, wanda nan ne ran labarin yake, ta wuce shi a numfashi ɗaya. Na waiga na ga mutane suna latsa waya. Bayanta wani ya hau da labarin da bai kama ƙafar nata ba, amma Allah ya ba shi murya ya kuma iya kwaikwayo, aka yi ta tafi har da masu miƙewa tsaye.

Ni dai a ganina a daina tilasta wa marubuci karanta labarinsa. Rubutu daban, karatu gaban jama'a daban. A nemo waɗanda suka iya su karanta, shi ya zauna ya saurara. Me kuka gani?

Sarkin_Gyara:
Wa alaikumus salam. Malama, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In ba marubucin ne zai karanta ba, me zai fito da ni daga gida? Sai in kwanta in karanta abina.

Uwar_Biyu:
Malam Sarkin_Gyara, wannan karin maganar ta mawaƙi ce, wanda tun fil azal da murya yake cin abinci. Marubuci da alƙalami ya saba. Da yawansu ma rashin son magana cikin mutane ne ya kai su ga rubutun. Ka ɗauko mutum daga ɗakinsa ka tsayar da shi gaban mutum saba'in ka miƙa masa makirufo, sannan ka auna labarinsa da rawar muryarsa? Ba a yi masa adalci ba.

Ɗan_Bita:
Ina bayan Mai_Tawada ɗari bisa ɗari. Kuma ba sabon abu ta kawo ba. A birnin New York na Amurka akwai shirin da ake kira Selected Shorts, tun 1985 ake yin sa a zauren Symphony Space. 'Yan wasan kwaikwayo ne suke hawa su karanta gajerun labaran marubuta, a naɗa, a sa a rediyo. Shekara arba'in ke nan mutane na zuwa. Da ba ya ci da tuni ya mutu.

Sarkin_Gyara:
Ɗan_Bita, ai wannan wasan kwaikwayo ne aka sa masa rigar adabi. Ɗan wasa zai ƙara wa labari gishirin da marubuci bai sa ba.

Mai_Karatu_A_Fili:
Ku bari in sa baki, don ni ne irin mutumin da kuke magana a kansa. Ban taɓa rubuta labari ba, amma na fi shekara biyar ina karanta na mutane a zamanmu. Kuma gaskiya maganar Malam Sarkin_Gyara tana da ƙamshin gaskiya, na taɓa yin ɓarnar da har yau nake jin kunyarta.

An ba ni wani labari da safe, za a karanta da yamma. Akwai tsoho a ciki da yake ta maimaita wata jimla ɗaya, duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi ko an rufe ƙofa. Ni na ɗauka abin dariya ne, na ba shi muryar tsoho mai rigima, zaure ya yi ta ƙyaƙyatawa. Sai a shafin ƙarshe na gane cewa ta wannan ƙofar ce jikarsa ta fita ba ta dawo ba. Na riga na mayar da shi abin dariya, ba yadda za a yi jama'a su dawo su tausaya masa. Marubucin yana zaune a layin gaba, bai ce mini komai ba, sannu kawai ya yi mini ya tafi. Da zagi na ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Ba na karɓar labari sai da kwana uku a hannu. Ina karanta shi sau biyu a zuci, sau uku da murya. Ina sa alama da fensir inda zan ja numfashi, inda zan dakata, inda zan sassauta. Sannan in kira marubucin in karanta masa sakin layi na farko da na ƙarshe. In ya ce ba haka yake ji a kansa ba, sai mu gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Uwar_Biyu:
Allah sarki. Amma Malam ka ga laifin na gaggawa ne, ba na tsarin ba.

Tsohon_Malami:
Sannunku da muhawara. Na ga kuna ta ja-in-ja kan abin da Rumawa suka yi ta fama da shi kusan shekara dubu biyu da suka wuce, sai dariya ta kama ni. A Rum ta dā marubuci kan gayyaci mutane ya karanta musu sabon aikinsa kafin ya sake shi. Akwai wani babban mutum, Pliny Ƙarami, da wasiƙunsa suka iso gare mu. A ɗaya daga ciki ya rubuta wa abokinsa Suetonius cewa an gaya masa bai iya karanta waƙa ba, don haka yana tunanin sa wani 'yantaccen bawansa ya karanta a madadinsa. Abin da ya dame shi kuma shi ne, to shi me zai yi yayin da ake karantawa? Ya zauna shiru kamar baƙo, ko ya riƙa bin karatun da motsin baki da ido da hannu kamar yadda wasu ke yi? Kun ga tambayar Mai_Tawada ce sak, har da ƙarin wadda ba ta yi ba.

A wata wasiƙar kuma kukan masu sauraro yake yi. Ya ce sai su zauna a waje suna hira, suna aike a dubo musu ko an fara, ko an gama gabatarwa, ko an kusa ƙarshe. Sai can su shigo a makare, kuma ba sa jira a gama, wasu su sulale, wasu su fita gaba gaɗi. Waya ce kawai ba su da ita.

Na_Layin_Baya:
Baba Tsohon_Malami ya iso, yau sai mun koma aji 😂 Amma wannan ta masu sulalewa ta taɓa ni, don ni ma a kusa da ƙofa nake zama.

Ƙanwar_Marubuta:
Ni ƙarama ce a nan, ku yi haƙuri in faɗi nawa. Ina cikin masu rawar murya ɗin da Anti Uwar_Biyu ta ambata. Ranar da na fara karatu takardar har kaɗawa take yi a hannuna, ana jin ƙararta a lasifika. Amma da an ba wani ya karanta mini da na yi asarar abin da na koya a ranar. Ina tsakiyar shafi na biyu na ji bakina ya ƙi wata jimla. Na rubuta ta, na gyara ta ya fi sau goma, a ido lafiya lau take, amma harshena ya yi tuntuɓe a kanta. Nan take na gane ƙarya ce, tauraruwata ba za ta taɓa magana haka ba, ni ce na cusa mata. Sannan akwai wurin da na zaci za a yi dariya aka yi tsit, da wurin da ban ɗauke shi komai ba na ji wata ta ce "wayyo" a hankali. Na koma gida na zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na labarin.

Gwanin karatu zai lulluɓe wannan jimlar da murya mai daɗi ta wuce, ni kuma in ci gaba da zaton ta yi.

Mai_Tawada:
Ƙanwata, na ji wannan kuma ta shige ni. Amma ke kika amfana. Mu da muka zo sauraro fa? Zaman na marubuci ne ko na masu sauraro?

Sarkin_Gyara:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. Zama iri biyu ne kuke haɗawa. Akwai na bita, inda marubuta ke karanta wa junansu abin da bai gama nuna ba don a gyara. A nan dole mai abu ya karanta abinsa. Akwai kuma na baje koli, inda aka gayyaci jama'a. A can na yarda a tace. Amma ko a can ɗin ni na fi son muryar mai shi, ko da tana rawa.

Ɗan_Bita:
Malam ka fara saukowa ke nan.

Sarkin_Gyara:
Ban sauko ba, gyara zama na yi.

Gwaggon_Littafi:
Ni matsalata ba wanda ya karanta ba ce, tsawon abin ne. Mai karatu a natse yana cin kalma wajen 130 zuwa 150 a minti ɗaya. Labari mai kalma 1,500, irin tsawon da gasar Hikayata ta BBC Hausa take karɓa, minti goma ne zuwa sha biyu. Wannan kunne zai ɗauka. Amma sai mutum ya zo da kalma 5,000, a ce masa minti goma gare shi, maimakon ya yanke sai ya ƙara gudu. Ina kyautata zaton abin da ya sami baiwar Allah da Mai_Tawada ta je gani ke nan. Mai_Tawada, labarin nata dogo ne?

Mai_Tawada:
Gwaggo kin canka. Ya kai shafi goma sha biyu, kuma mai gabatarwa yana ta nuna mata agogo.

Gwaggon_Littafi:
To kin gani. Ba muryarta ce ta kashe labarin ba, agogo ne.

Tsohon_Malami:
Hajiya Gwaggo ta taɓo inda nake so. Duk wanda ake ba da misali da shi a wannan fage, Charles Dickens na Ingila ne. Ya fara karatu gaban jama'a a Birmingham a Disambar 1853 don taimakon wata cibiya, daga 1858 ya mayar da shi sana'a, ya zagaya Birtaniya, ya je Amurka a 1867 zuwa 1868. Mutane kan ce ai baiwa ce. Akwai baiwa, don tun yana saurayi yake son wasan kwaikwayo. Amma ku dubi aikin da ke ƙarƙashi. Ba littafin da aka buga yake karantawa yadda yake ba. Yana da kwafinsa na musamman da ya soke sakin layi da yawa, ya rubuta wa kansa umarni a gefen shafi. Labarinsa na Kirsimeti da ya ci kusan awa uku a karon farko, a hankali ya rage shi zuwa wajen awa ɗaya da rabi. Duk bayanin da murya da fuska za su iya yi, sai ya cire shi daga takarda. Karatunsa na ƙarshe a Landan ne, 15 ga Maris 1870, ya rasu a Yunin shekarar.

Abin da nake nufi, labarin ido da labarin kunne ba ɗaya ba ne ko da marubucinsu ɗaya. Mai karatu a zuci yana iya komawa baya ya duba wane ne wane. Mai sauraro in abu ya wuce shi ya wuce.

Na_Layin_Baya:
Wannan gaskiya ne. An taɓa karanta mana labari mai mutum tara, uku sunayensu da harafi ɗaya suka fara, ga shi ana tsalle daga bana zuwa shekara ashirin baya ba sanarwa. A takarda akwai 'yar alama tsakanin sassan, a baki babu. Har aka gama ban san wa ya mutu ba. Na yi tafi dai don kada a ce.

Kunne_Ya_Girmi_Kaka:
Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini wannan. Idona ya yi rauni shekara shida ke nan, ba na iya karatu sai dai a karanta mini. Kafin haka ba na kwana ban buɗe littafi ba. Malam Sarkin_Gyara ya ce in ba marubuci ne zai karanta ba gara ya zauna gida ya karanta abinsa. Ni ba ni da wannan zaɓin. Waya tana iya karanta mini rubutu, amma muryarta ba ta san inda ake kuka ba. Zaman karatun nan shi ne laburarena. Kuma abin da nake samu a can ya wuce labarin. In aka zo wuri mai nauyi, zaure ya yi tsit, ka ji na kusa da kai ya riƙe numfashi, wannan ba ya cikin takarda. Roƙona ga duk mai karatu, marubuci ne ko waninsa: ka ɗaga kai, ka buɗe baki, kada ka haɗiye ƙarshen jimla. Yawancinku kuna farawa da ƙarfi ku ƙare da raɗa, kuma a ƙarshen jimla ma'ana take.

Sarkin_Gyara:
Baba, a gafarce ni, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Allah ya ƙara lafiya.

Uwar_Biyu:
Amin. Tunda ana maganar abin da ke kashe zama, bari in ƙara nawa: lokacin tambayoyi. Mutum zai miƙe ya ce yana da 'yar tambaya, ya yi minti bakwai yana ba da tarihin kansa, tambayar ba ta zo ba. Sai kuma wadda ta fi ci mini rai, musamman in mace ce ta karanta labarin aure ko saki: "Malama, wannan ke ce abin ya faru da ke?" Wata ƙawata ta daina zuwa saboda wannan. Ta rubuta labari da bakin "ni", ta karanta da muryarta, washegari ana yi mata jaje. Ga wani dalilin da ya sa na goyi bayan Mai_Tawada. In wani ne ya karanta, an raba marubuciya da tauraruwarta.

Ƙanwar_Marubuta:
Anti wannan ta faru da ni! Har wata ta riƙe hannuna ta ce in yi haƙuri, haka maza suke. Ni ko auren ban yi ba 😭

Ɗan_Bita:
Wannan rikicin ya samo asali ne daga haɗa abu biyu. Akwai dandalin da labarin gaskiya ake so, kamar The Moth da aka kafa a New York a 1997. Can ƙa'ida ce abin ya faru da kai, ka faɗe shi da ka ba takarda, a gasarsu ma minti biyar ake ba ka. Wannan ba da labari ne. Namu ƙagaggen labari ne da aka zauna aka saƙa. Aikin mai gabatarwa ne ya faɗa tun farko cewa abin da za a ji ƙirƙira ce, kuma ya tare irin waccan tambayar kafin ta isa ga marubuciya.

Sarkin_Gyara:
Ni kuma abin da ya ishe ni shi ne yabon ƙarya. A karanta labari mai ramuka kamar rariya, kowa ya miƙe ya ce ma sha Allah, alƙalami ya yi kyau. To me aka zo yi? A zamanmu na taɓa cewa ƙarshen wani labari bai tsaya da ƙafarsa ba, marubucin ya yi wata biyu ba ya amsa sallamata.

Gwaggon_Littafi:
Malam, kai fa ranar da aka taɓa naka labarin a nan zauren sai da ka rubuto mana amsa mai sakin layi takwas. Wanzami ba ya son jarfa.

Sarkin_Gyara:
Gwaggo a rufa asiri mana 😅

Tsohon_Malami:
Ɗaya kawai zan ƙara in yi shiru, kafin Na_Layin_Baya ya sulale. A Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi wata ƙungiyar marubuta, Gruppe 47, daga 1947 zuwa 1967. Marubuci zai zauna a wata kujera kusa da jagoransu Hans Werner Richter ya karanta, su yi masa sharhi nan take, shi kuma ba shi da izinin kare kansa. Don tsananin abin har suna kiran kujerar da sunan kujerar lantarki ta kisa. Ta fito da manyan marubuta, ba musu. Amma a zamansu na 1952 mawaƙi Paul Celan ya karanta waƙoƙinsa, wasu suka yi masa ba'a saboda yadda yake rera karatun, alhali cikin abin da ya karanta har da waƙar da yau ake lissafawa cikin mafi girma a harshen Jamusanci. Zaure cike da gwanaye, murya ta hana su jin rubutu. Wannan hujja ce a hannun Mai_Tawada, na ba ta kyauta.

Mai_Tawada:
Na gode Baba, na karɓa. Sai dai in faɗi gaskiya, maganar Ƙanwar_Marubuta da ta Gwaggo sun sa na rage zafi. Wataƙila da an ce wa baiwar Allah nan ta zaɓi shafi huɗu kawai, ta yi bita sau biyu gaban mutum uku, da ba haka ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa a riƙa tambayar marubuci: za ka karanta ko a karanta maka? Kada a mayar da shi dole, kuma kada wanda ya ce a karanta masa ya zama kamar ya gaza.

Mai_Karatu_A_Fili:
Mun gwada wata hanya sau biyu: marubuci ya karanta shafin farko don a ji muryarsa, ni in ɗauka daga nan. Karo na farko ya yi kyau. Karo na biyu marubuciyar da ta ce ba za ta iya wuce shafi ɗaya ba, da ta kai ƙarshensa ta ƙi miƙo mini takardar, ta ci gaba har ƙarshe, ni ina tsaye a gefe kamar dogari.

Ɗan_Bita:
To ai sauya murya a tsakiyar labari ma yana fitar da mai sauraro daga ciki. Ni ban gamsu da wannan ba.

Na_Layin_Baya:
Ni har yanzu tambayar mutumin Rum ɗin nan ce ke cina. In ana karanta labarinka kana zaune, ina za ka sa idonka? Ƙasa za ka kalla ko jama'a?

Ƙanwar_Marubuta:
Yaya, ni dai bayan ƙofa zan tsaya, kusa da kai.

Mai_Tawada:
Na samu lambar baiwar Allah nan daga wajen masu shirya zaman. Ina so in gaya mata yadda labarinta ya yi mini a rubuce, amma ban san ko in taɓo maganar karatun ba ko in bar ta. Gwaggo, ke me za ki yi?

Gwaggon_Littafi:
Fara da zancen uwar nan da wasiƙar da ke cikin labarin. In marubuciyar ta kawo zancen ranar Asabar da kanta, sai ki tambaye ta shafi nawa aka ce ta karanta.